Ƙaiƙayin Shinkafa Ya Cinye Mini Idon da Ya Rage

Lokacin da abin nan ya same ni, ni dattijo ne da ya ajiye fatauci ya dawo gida, wani ƙauye a bakin tafkin Kainji cikin ƙasar Ngaski. Na yi shekaru ina kai bandar kifi Anacha da Legas, na zauna Kumasi, na ci kasuwar Yamai da ta Kwatano. Ina jin Yarbanci da Zabarmanci da Faransancin kasuwa, ban da Gungancin da na tsotsa a wajen Inna. A majalisa, in gardama ta ƙi ƙarewa, ni ake juyowa a tambaya yadda ake yi a wasu ƙasashe, ni kuwa ba na rasa amsa. Idona na hagu ya daɗe da mutuwa, amma na dama garau yake. Da shi nake karatun Alƙur'ani ba tabarau, da shi nake gane jirgin kowa tun yana tsakiyar ruwa.

Ranar da muke bugun shinkafa na je gona don sa ido kawai. Maza na buga dami a jikin durom, mata na sheƙa, ni kuma na tsaya ta inda iska ke kaɗawa ina ba su labarin injin sussuka da na gani a wata ƙasa. Sai iska ta ɗebo ƙaiƙayi ta watsa mini a fuska, na murtsuke idon da bayan hannu. Akwai taubashiyata, tsohuwar da garinmu ya sani da ciro abu daga ido da harshe. Ta ajiye ƙwarya ta taho tana dariya, wai ga mai yawon duniya, teku ba ta ci shi ba, ƙaiƙayi zai kai shi ƙasa. Ta kurkure baki, ta ɗaga fatar idon, ta lasa, ta tofo ɗan ƙaiƙayin a tafin hannu ta nuna wa kowa, ta ce ladanta goro ne da in rage cika baki. Na ce mata harshen da ya saba yankan mutane ai ba zai kasa wannan ba.

Ƙaiƙayin ya fita, amma idon ya yi ja, yana ta hawaye, ba na iya kallon rana. Ɗiyata da ke aure a Yelwa ta yi waya ta ce in taho a duba. Na ce mata na san ciwon nan tun ba a haife ta ba: a Kumasi Apolo ya taɓa kama mu gida guda, wani maganin ɗigawa ya wanke shi. Ranar kasuwar Wara na shiga wani kemis na kwatanta kwalbar, aka ba ni. Mai shagon bai duba idon ba, ni ma ban nuna masa ba. Maganin kuwa ya yi aiki kamar yankan wuƙa, jan ya tafi, zafin ya kwanta. Sai wani ɗan farin ɗigo kamar ƙwayar gero da ya rage a kan baƙin idon. Kwalba ta ƙare na sayo wata. Ɗigon ya riƙa faɗi, gani ya zama kamar ta cikin hayaƙin banda, sannan zafin ya dawo irin wanda ke hana sujada. Ɗiyata ta zo da mota, ta ce Baba yau ba shawara ta kawo ba.

A wani asibitin ido a Sakkwato likita ta karɓi kwalbar ta juya ta. Sannan ta yi mini bayani a hankali. Ta ce tantanin gaban ido yana da haske ne saboda zarurrukansa a jere suke tsaf, kuma babu jijiyar jini ko ɗaya a cikinsa. Ƙaramar ƙujewa takan rufe da kanta, ƙwayoyin saman su rarrafo su toshe wurin. Amma ƙaiƙayi na ɗauke da funfuna, irin wadda ke cin hatsi a rumbu mai laima, kuma ta shiga ta ƙujewar. Jan nan da zafin da na tsana, ta ce, jiki ne ke turo sojojinsa. Maganin da na ɗiga aikinsa shi ne ya sallami sojojin, sai funfunar ta samu fili ta nutsa. Da sojojin suka dawo daga baya, sai suka zo da fushi, suna zubo sinadaran da ke narkar da zaren idon tare da abokin gaba. Ƙwayoyin jiki masu gyara kuma da suka biyo baya sai suka yi ta jefa zare barkatai. Nan na gane, domin na san raga: wadda gwani ya saƙa kana hango ruwa ta cikinta, wadda aka yi wa faci cikin gaggawa kuwa dunƙule ce. Dunƙulen nan shi ne hakiyar da ke idona.

Ma'aikatan asibitin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kashe funfunar, sun hana idon fashewa. Na tambaya ko za a iya kankare farin. Ta ce sai dai dashe da tantanin idon mamacin da ya yi wasiyya da shi, abin da ke da wuyar samu a nan. Ko an samu ma, jijiyoyin jini sun riga sun kutsa cikin nawa, su za su kawo sojojin da za su ƙi baƙon. Na tuna duk ƙasashen da na taka, ban taɓa zama da wanda ya bar wasiyyar idonsa ba. Ni ma da ina gani, da ba zan bari ba. To wa zan zarga?

Yau ina bambance rana da inuwa, shi ke nan. Ɗiyata ce ke rubuta wannan ina faɗa. Harsunan da na tara sun zama abin gane wanda ya yi sallama, jirage kuma da ƙarar injinsu nake sanin mai su. Abin da na koya shi ne, ganin ciwo iri ɗaya a wata ƙasa ba sanin ciwo ba ne. 'Yan'uwa manoma da masunta, in ƙaiƙayi ko kara ko ganye ya shiga idonku, kada ku murza, kada ku ɗiga abin da likita bai duba ya ba ku ba, kuma kada ku yi murna don ja ya tafi alhali farin ɗigo na nan. Ku tafi asibiti tun idon na kuka.

Taubashiyata takan zo gaishe ni. Ta zauna, ta tambayi jiki, ta sa mini goro a hannu, ta kira ni Alhaji. Tun da na dawo daga Sakkwato ba ta sake tsokana ta ba ko sau ɗaya. Likita ta faɗa mini ban gama yarda ba, sai da bakin tsohuwar nan ya mutu na tabbatar idon ba zai dawo ba.