Adireshi Ɗaya na 'Ya'yan Ɗanlami

Arzika ya shekara ashirin yana gyaran injin ban-ruwa a Jega, a rumfar da mahaifinsu Ɗanlami ya bari. Lokacin da tsohon ke da rai, su uku suke wuni a nan: Arzika yana kwance inji, ƙanensa Shamsuddeen yana auna irin albasa, autansu Lawali yana jera kayan babur. Bayan rasuwar ba wanda ya yi faɗa da wani. Shamsuddeen dai ya koma Aliero inda albasa take, Lawali ya bi 'yan kabu-kabu zuwa Maiyama. Gaisuwa ta koma ta waya, daga baya ta koma ta Sallah.

Wata rana wani manomi daga Kimba ya gaya masa ya nemi mai gyara a wayarsa bai ga kowa a Jega ba, har ya kai injinsa Birnin Kebbi. Maganar ta tsaya wa Arzika a rai. Ya je wurin Malama Mabel, mai koyar da kwamfuta a sakandare, wadda ya taɓa gyara wa janareta.

Ta ce hanya biyu ce. Ko kowace sana'a ta buɗe adireshinta daban a intanet, ko a yi adireshi ɗaya mai shafi uku, kowanne da sunan garinsa da lambar waya da wurinsa a taswira. Wanda ya rubuta "kayan babur a Maiyama" sai ya faɗa kan shafin Lawali kai tsaye.

"A yi guda," in ji Arzika tun kafin ta rufe baki. "A sa sunan Baba a sama."

"Malam Arzika, ba mai neman Ɗanlami a waya. Inji suke nema."

"Na sani, Malama. A sa dai."

Lawali bai yi gardama ba, ranar ya turo hotunan shagonsa. Wurin Shamsuddeen kuwa, Arzika da kansa ya hau babur zuwa Aliero, ya iske shi a tsakiyar buhuna ana lodi. Ya nuna masa shafin da aka bar masa, ba komai a ciki sai sunansa.

Shamsuddeen ya daɗe yana kallo. "Yaya, na riga na buɗe nawa. Masu sayen kayana daga kudu suka hitowa, sunana suka sani."

"To, Allah shi sa albarka," in ji Arzika. Ya sha ruwa ya kamo hanya kafin la'asar.

Mabel ta ce shafin da ba komai ba shi da amfani, a goge. Arzika ya ƙi. Sai ta rubuta masa layi biyu da lambar Shamsuddeen.

Aiki ya ƙaru, har daga Liba ake kawo inji. Wani lokacin kuma a kira shi a kan kuskure ana neman iri, ya ce, "Ƙanena ne, yana Aliero," ya karanto lambar da ka.

Ran wata Laraba yana wanke kaburetar injin wani manomi wayarsa ta yi ƙara. Shamsuddeen ne.

"Yaya, wani ya zo, ya ce kai ka turo shi."

Arzika ya goge hannu, ya ja benci ya zauna. Ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi ruwan fadama, ya tambayi ciwon bayan da ake cewa yana damunsa. Mai injin yana tsaye yana jira, shi kuwa bai katse ba.