Na Kai Mataccen Siminti Rijiyar Garinmu

In kuna neman wawan wannan labari, kada ku wahalar da kanku, ga ni. Akwai wani Alhaji a ciki, akwai wani babba na buro, wato ofishin gwamnati, akwai kamyo guda, babbar motar kaya, da buhun siminti ɗari biyu, kuma a cikinmu duka, har da buhunan, ni kaɗai na shiga kaso, gidan yari. Ku samari masu ɗan guntun ilimi nake wa wannan rubutu, don ku ake nema a irin wannan aiki. Jahili ba ya iya sa hannu. Mai ilimi sosai kuma sai ya karanta kafin ya sa.

Ni mutumin wani ƙauye ne a gefen Gazawa. Ba zan faɗi sunansa ba, kunyar da na ja masa ta isa. Na yi lakol, makarantar boko, har aji biyar, sannan ni da lakol muka rabu salin-alin, kowa ya gaji da kowa. Abu biyu na fito da su: ina iya lissafi, kuma ina da sa hannu mai doguwar wutsiya, in na ja shi sai ka rantse minista ne ya wuce ta wurin. Na yi shekaru ina awon hatsi a kasuwa, alƙalamin bik a bayan kunne ko babu abin rubutawa.

Ina da taubashi, Illa, ɗan goggona. Maginin rijiya ne, kuma in ƙasa mai rairayi ta gagari mutane shi ake aika wa. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa irin ta mutanen kirki ba. In na hango shi sai in ce, "Gafiya, yau a wane rami aka kwana?" Shi kuma ya ce, "Rabin Mushe, ina ka baro ɗaya rabin?" Haka muke a kasuwa, haka a gidan suna, haka a gaban surukai. Ranar ɗaurin aurena ya miƙe ya shaida wa dangin amarya cewa ni bawansa ne, su yi haƙuri da ni, bai gama hora ni ba.

Alhajin da na ambata ɗan kwangila ne, gwamnati na ba shi aikin kawo kayan gini: siminti, rodi, kwano. Ya ɗauke ni tsaron magazansa, ɗakin ajiyar kayansa, a Agye. Ɓarnar farko ba ta kai a kira ta ɓarna ba. Simintin da ya zube a ƙasa nake sharewa in sayar wa masu gyaran daɓe. Da shara ta yi ƙaranci sai na fara taimaka mata, ina ɗan huda bakin buhu in tsiyayi tiya guda in ɗinke. Buhu goma sha biyu sukan haifi na sha uku ba tare da naƙuda ba. Wata rana Alhaji ya kama ni da allura a hannu. Na riga na fara tunanin inda zan koma awon gero, sai na ji yana dariya.

"Ashe kana da kai," in ji shi. "Mai kai irin naka ba ya tsaron ƙofa."

Cikin wata guda ya buɗe kamfani da sunana. Aka yi mini hatimi, aka ɗinka mini manyan kaya, direbobi suka koma ce mini Darakta. Ban tambayi abin da ya sa mutum mai 'ya'ya maza baligai zai zaɓi ni ba. Na ɗauka sa hannun ne ya burge shi.

Ga yadda aikin yake, ku saurara da kyau don har yanzu ba a canza shi ba. In gwamnati ta ba da kwangilar kayan gina aji ko ɗakin shan magani, ba a biya sai 'yan komisiyo sun zo sun ga kayan a wurin da idonsu, sun ɗauki hoto, kowa ya sa hannu. To mu buhu ɗari biyu muka saya, sau ɗaya tak. Litinin mu jera su a wani ƙauye na Agye, a zo a ƙirga, a yi hoto, a ci kaji. Kafin ƙurar motar baƙi ta kwanta mun loda. Laraba suna ƙasar Gazawa. Sati na zagayowa sun isa Gidan Rumji. A takarda an kai siminti gari uku, a ƙasa kuwa siminti ya yi ziyara ne ya wuce. Aji kuma a ɗora shi da ɗan abin da ya samu, ko a bar yara a rumfar kara su jira.

Kada ku ɗauka 'yan komisiyo makafi ne. Babbansu, na buron nan wanda Alhaji ke kai wa gaisuwa gida, ya taɓa tsayawa gaban wani buhu da na yi wa faci da shuɗin zare, ya dube shi, ya dube ni, ya ce, "Darakta, wannan bawan Allah bai gaji da tafiya ba?" Muka yi dariya, ya sa hannu.

Da damina, a hanyar Sae Sabuwa, tampol ya yage, ruwa ya same mu a fili. Kwana uku bayan nan buhunan sun zama duwatsu. Na je na faɗa wa Alhaji, ya ce, "A hoto ana taɓawa ne?" Haka muka ci gaba da yawo da su har shekara biyu. Masu lodi kawai ke tsine mana.

Sai aka ba kamfanina kwangilar kayan rijiya a garinmu. Matan garin sun yi shekaru suna tafiya wani ƙauye ɗibar ruwa, kuma mai gari ya matsa wa na sama har sun gaji da ganinsa, saboda haka wannan karon dole a ga rijiya, hoto ba zai wadatar ba. Alhaji ya ce ga dama ta samu da za a sallami tsofaffin buhunan. Muka sa aka farfasa su da guduma a bayan magaza, aka daka, aka tankaɗe, aka gauraya da sabo kaɗan don launi, aka zuba a sababbin buhuna. Duk wanda ya taɓa riƙe cokalin gini ya san simintin da ya sha ruwa ya daskare ya mutu. Ko ka mai da shi gari kamar na tuwo, ba ya sake kamawa. Ni ma na sani.

Illa aka ba ginin. A ƙasarmu rairayi ne, sai an riƙa zuba zoben siminti ana bin ramin da shi, shi ke riƙe ƙasa kada ta rufta wa mai tono. Ranar da na kai kaya, gari ya fito kallo, har da masu guɗa. Illa ya farke buhu ɗaya, ya cusa hannu, ya murza a yatsunsa. Ya daɗe yana murzawa. Ya jawo ni gefe.

"Wanga siminti bai da rai," ya ce. "Sabo santsi gare shi, yana cizon hannu. Wanga kamar toka da tsakuwa."

Nan ne wurin da na fāɗi, samari. Ba gaban alƙali ba, ba ranar allura ba. Kalma uku ta ishe ni: kada ka shiga. Amma mutane na kallo, ina cikin babbar riga, an gama kirana Darakta a gaban tsohuwata. Sai na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Jama'a ku ji gafiya na koya wa Darakta siminti. Wannan sabon samfuri ne, da takardarsa ya zo. Kai da ko sunanka ba ka iya rubutawa, ka tsaya ga raminka."

Aka fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya goge hannu a wando ya ce, "Da wani ne ya kawo, wallahi ba ni shiga. Amma kai, duk rashin hankalinka, ruwan da innarka za ta sha ne."

Wata biyu yana aiki. Nakan zo in leƙa, in jefa masa baƙar magana, ya jefo mini tasa daga ƙasa. Kullum ina ce wa raina, wanda na gauraya da sabo ai zai ɗan riƙe. Sun kai gaba goma sha biyu, wata safiya da hantsi, zobe na tsakiya ya ruguje kamar dambu, rairayi ya biyo shi. Ina Gidan Rumji aka kira ni. Mutanen gari da ƙwarya da hannu suka yi ta yasa, ba su kai gare shi ba sai la'asar. Sun same shi da rai, wani ɓangaren zobe ya tokare ya bar masa wurin numfashi, wani kuma ya sauka a ƙugunsa. Daga ranar ƙafafun Illa ba su sake jin kira ba.

Jandarmomi suka zo, suka ɗebi ɓaraguzan a buhu. Da bincike ya buɗe sai ga ajujuwan da babu su, ga ɗakin shan magani da ya tsaya iya taga, gari bayan gari. Kowace takarda aka ɗago, wutsiyar sa hannuna ce kwance a ƙasanta. Alhaji ya ce shi hayar kamyo kawai ya ba ni, kuma gaskiya babu sunansa ko a kan tsinke. Babban na buro ya ce abin da aka nuna masa ya gani. Daga baya na ji an mai da shi wata jiha, kujerar ma ta fi ta da laushi.

A kotu alƙali ya miƙo mini takarda guda ya ce in karanta wa jama'a abin da na sa wa hannu. Na fara da ƙarfi, na yi layi biyu, na ci karo da wata kalmar Faransanci mai tsawon igiyar guga, na tsaya ina haƙilo. Wani a baya ya yi dariya. Alƙali bai yi ba. Shekara biyar ya ba ni. Alhaji ya aiko mini da sabulu da sukari sau ɗaya, da saƙon cewa in riƙe bakina, ana nan ana ƙoƙari. Ina ciki tsohuwata ta rasu. An ce har ta kwanta ciwo ba ta yarda wani ya kai wa Illa tuwo ba, ita ke kai masa da kanta.

Da na fito na sauka a tashar Gazawa, ban kai ga shan ruwa ba sai ga kamyo ya wuce da siminti an lulluɓe da tampol, wani mai sabuwar shadda zaune a gaba, jakar takardu a cinya. Ban san shi ba, ban kuma san inda za su ba. Wataƙila kayan kirki ne. Amma na san irin zaman. A garinmu kuwa an cike ramin da ƙaya don kada awaki su faɗa, mata na nan suna tafiyarsu ta da. An ce a takarda garinmu yana da rijiya, saboda haka ba ya cikin masu jira.

Na tuba, kuma ina roƙon Allah Ya karɓa. Amma ba zan yaudare ku da cewa tubana ta gyara wani abu ba. Shawarata kaɗan ce. In babban mutum ya kama ka da sata ya yi dariya, ka gudu, ya samu abin da yake nema ne. In aka ce za a buɗe kamfani da sunanka alhali ko amalanke ba ka da shi, ka tambayi wa za a kira in gini ya faɗi. Kada ka sa hannu a abin da ba za ka iya karantawa da ƙarfi a gaban mutane ba. Na san da yawanku za su karanta wannan su yi dariya su ce tsohon bai iya ba ne. Ni ma da haka zan ce.

Illa yana nan. Yana zama a tabarma ƙofar gidansa yana tufkar igiya, matarsa na kaiwa kasuwa. Sai da na yi wata guda kafin na iya zuwa. Na shirya wa zagi, na shirya wa jifa. Da ya gan ni sai ya ce, "Maraba da Malam. An zo lafiya? A kawo wa baƙo ruwa." Ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya, ya yi mini barka da fitowa. Shekara sittin muna tare, ban taɓa jin ladabi daga bakinsa ba sai ranar. Na koma gida kamar an yi mini duka.

Na yi ta zuwa, kullum haka. Ran nan na daure na ce ya yafe mini. Bai ɗago daga igiyarsa ba ya ce ya yafe tun yana asibiti, don shi ma yana neman yafiyar Ubangiji. Sai raina ya ɗan yi sanyi, tsohon hali ya motsa. Na gyara zama na ce, "To in ka yafe, gafiya, ka zage ni mana ko sau ɗaya. Ko bakin ma ya rufta ne?"

Ya ajiye igiyar, ya kama ƙafarsa ta dama da hannu biyu ya gyara mata wuri a kan tabarma, sannan ya dube ni.

"Malam, wasanka na ƙarshe shekara bakwai ke nan ina zaune a kansa. Bari in gama da shi tukuna, sannan ka kawo wani."