Muryar Yaya Ladi a Bakin Wata

Bana shekara ashirin da huɗu da rasuwar yayata Ladi, uwa ɗaya uba ɗaya. Yaran yanzu ba su san sunanta ba, amma muryarta sun san ta. Makon jiya a wani gidan biki a Chaza aka saki waƙar mai tuwon Gauraka, 'yan mata suka cika fili. Na tambayi ɗaya daga cikinsu wa ta yi waƙar, ta ambaci sunan wata daban, har tana mamakin tsohuwa kamata ba ta sani ba. Raina ya ɓaci, shi ya sa na zauna rubuta wannan.

A farkon shekarun casa'in, Yaya Ladi ce ginshiƙin wata ƙungiyar wasan kwaikwayo a nan Suleja. Wasansu rabi magana ne rabi waƙa. Bayan la'asar za su kafa labule a filin makaranta, yau a cikin gari, gobe a Garam, mai kalangu na gefe. Ita ke fitowa a mai tuwo, kuma ko lasifika ta mutu na can baya yana jin ta. Ba ta taɓa rera waƙa iri ɗaya sau biyu ba. In ta hango bakaniken da ya san kansa a cikin taro, sai ta jefa shi cikin baiti, a yi ta dariya har ya sunkuyar da kai. Ni Talatu, tela ce, ni ke ɗinka musu kayan wasa. Yaya mace ce mai jiki, awonta a kaina yake, ban taɓa sa mata tef ba.

Shugaban ƙungiyar Ɗanlami ne. Ita ta kawo shi, ita ta koya masa yadda ake tsayawa a dandamali ba tare da an juya wa jama'a baya ba. Da bidiyo ya shigo, ya ce lokaci ya yi da za a mai da wasan mai tuwo kaset. Ya kai ta Kaduna ta rera waƙoƙin aka naɗa, ya ce ta huta, in ranar ɗaukar hoto ta zo zai aiko. Sau biyu tana ƙunshi yana gogewa, ɗan aike bai zo ba.

Wurina Ɗanlami ya zo. Ya ajiye atamfa a kan kekena da wata 'yar takarda mai awo. Kallo ɗaya na yi wa ƙugun da aka rubuta na ce, "Ɗanlami, wannan ai ba Yaya ba ce."

Ya ce, "Anti Talatu, kin san kyamara ba kamar siteji ba ce, sai yarinya. Murya dai tata ce. Ki bar ni da ita, ni zan yi mata bayani."

Bai yi ba, kuma na san ba zai yi ba. Amma ya ce za a rubuta sunana a ƙarshen kaset a matsayin mai ɗinki, abin ya yi mini daɗi. Kwana uku na gama rigar, har da ɗan aikin da nake yi wa Yaya a wuya. Kullum muna cin tuwo kwano ɗaya, ban buɗe baki ba.

Ranar da kaset ya fito wata Asabar ce. Maƙwabciyarmu mai bidiyo ta aiko da hantsi a zo kallo, mata suka cika ɗaki. Yaya ta ɗauka wani wasan ne na daban suka fara fitarwa. Sai ga wata siririyar yarinya a bakin tukunya tana motsa baki, muryar Yaya na fita. Yaya ba ta tashi ba, ta kalla har ƙarshe, har sunaye suka wuce. Nawa ya fito, nata bai fito ba. Sannan ta juyo ta ce, "Talatu, wuyan rigar nan ya yi kyau." Ta ɗauki mayafinta ta fita.

Daga ranar ba ta sake hawa dandamali ba. Ko zanen suna aka kira ta, sai ta ce maƙogwaronta ba daɗi. Shekara uku ta yi a haka, ciwo ya kwantar da ita.

Yau Ɗanlami Alhaji ne, yana Abuja, ya yi tumbi. In an tara su ana tuna baya yakan ce "akwai wata baiwar Allah da ta taimaka mana", sunan ma ya yi masa nauyi. Nakan tambayi kaina me Yaya za ta ce da ta ga zamanin nan, da kowace yarinya ke riƙe waya tana motsa baki a kan muryar wani, ana yaba mata. Na san ta, da dariya za ta fara, ta ce ashe abin da aka yi mata sana'a ya zama. Ni kam ba na iya dariyar. Ban yafe wa Ɗanlami ba, kuma ba ni da bakin da zan ɗora masa laifin shi kaɗai.

Abin da ya rage nata muryar nan ce da ke yawo a gidajen biki, sai kuma shaidata. Ladi ce ta tsara waƙar mai tuwon Gauraka, ita ta rera ta, duk wanda ya karanta wannan ya gaya wa na kusa da shi. Ba ta taɓa yi mini gori ba, ba ta daina gaishe ni ba. Kayan sallarta kawai ta riƙa kai wa wani tela a bakin kasuwa. Ranar da ta rasu, maza na ƙofar gida za su yanka likkafani suna tambayar tsawonta, na aika a miƙo mini yadin. Shi ne ɗinkin da na sake yi mata. Allah Ya jiƙan Yaya, Ya sa ta yafe mini.