Ranar da Aka Saki Igiyar Halliru

Halliru mai yasar rijiya ne. Tare muka tashi a ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, kaciyarmu ma rana ɗaya aka yi. Gajere ne siriri, shi ya sa duk rijiyar da ta cushe daga nan har Gagarawa shi ake aika wa. Abin da aka ba shi ya karɓa, wani lokaci fura ce kawai. Yakan tsokane ni wai Allah ya ba ni jiki ya hana ni zuciya, don ko leƙa rijiya na yi sai jiri ya ɗebe ni. Ni kuma in kira shi kwaɗo.

A al'adarmu, in mai yasa zai sauka, kowane gida yakan ba da namiji ɗaya a riƙe igiya. Su ke janyo gugan laka, su ke janyo mutumin, kuma ba a saki sai ya fito ya taka ƙasa.

A shekarar babban fari rijiyar garinmu ta koma laka. Matarsa Laure ta roƙe shi kada ya sauka, don yunwa ta ramar da shi, bangon rijiyar kuma yana zaizaya. Ya yi dariya, ya tambaye ta ita me za ta sha in bai sauka ba.

Da hantsi ya sauka, ina cikin masu riƙe masa igiya. Muna cikin jan laka sai labari ya zo cewa motar hatsin agaji ta tsaya a bakin hanya, ana rabo, wanda ya makara ya rasa. A cikinmu Ɗantala ne ya fara zare hannu, ya ce yanzu zai dawo. Manu da ke bayansa ya ce shi ma yaransa jiya ba su ci ba. Kowa ya duba ya ga ai akwai sauran mutane. Da na waiwaya, babu kowa a bayana.

Can na ji ƙasa ta rufta a ciki, igiya ta girgiza. Na ja har tafina ya tsage, amma ko kaɗan Halliru bai taso ba. Na yi ta kira, garin ba kowa.

"Cindo, ku ja mana," in ji Halliru, yana kirana daga ƙasa.

"Ni kaɗai ne, Halliru. Bari in ruga in kirawo su."

Sai ya ce, "Kada ka tafi. Riƙe dai, in san akwai mutum a sama."

Na riƙe.

Bayan azahar suka dawo, kowa da jar dawarsa a bakin zane ko cikin hula. Aka fito da shi da sauran numfashi, amma ƙasa ta riga ta danne masa ƙirji. Bai kai la'asar ba. Allah ya jiƙanka, ɗan'uwana.

Wurin zaman makoki kowa ya rantse cewa lokacin da ya tafi ya bar mutane a kan igiya. Ban musa wa kowa ba, don duk gaskiya suka faɗa. Da na tambayi Laure, ashe ba wanda ya tuna ya karɓo wa gidan Halliru ko tiya ɗaya.

Daga baya aka ɗauko wani mai yasa daga Maigatari. Ya leƙa rijiyar, ya tambayi su wa za su riƙe masa igiya. Aka nuna masa mu. Ashe ya ji labarin tun a hanya. Ya naɗe kayansa ya koma. Cikinmu kuwa ba mai yarda ya sauka, don kowa ya san hannun da zai bari a sama. Rijiyar tana nan a cushe, matanmu sai ƙauyen gaba suke zuwa ɗiban ruwa.