Irin Dawar Goggo a Teburin Kwastan

Jama'a, yau wani jami'in kwastan ya share hawaye a gabana!

Na raka Goggo, ƙanwar mahaifina, filin jirgi. Za ta ƙasar waje a yi mata aikin ido. Jami'in ya buɗe jakarta, sai ga zangarniyar dawa uku, hayaƙin murhu ya dafe su. Da aka gudu daga Mubi bara, su kaɗai ta ɗauko. Rumbunta ya ƙone.

Ya ce, "Mama, iri ba ya fita ƙasa sai da takarda."

Ta ce, "To na fasa tafiyar. Idon ya jira."

Hankalina ya tashi, ga shi ana kiran fasinjoji!

Ya tambayi garinta. Ta ce Sahuda, kusa da Mubi. Ya ce shi ɗan Michika ne, mahaifiyarsa ma ta yi gudun hijira, ta koma gida ba ta da ko ƙwaya ta shuka.

"Ki bar mini ta shuka, Mama. Da kaka zan dawo miki da iri."

Goggo ta daɗe tana shafa zangarniyar. Ta miƙa masa da hannu biyu.

"Ɗana, ka gaya mata kada ta yi gaggawa. Wannan ba a shuka shi sai ruwa na uku."