Yadda "Haka Ne, Baba" Ta Rufe Mini Baki

A aji huɗu na firamare na bar makaranta, amma duk unguwarmu ta Jekadafari an san idan maganar siyasa ta tashi a majalisarmu ta ƙofar masallaci, ni ake juyowa a kalla. Rediyona ba ya mutuwa, bakina ma haka. Mutum ɗaya ne bai taɓa yarda da ni ba, wani Babarbare mai sayar da goro, abokin wasana tun muna samari. Ni Bafulatani ne, don haka bawana ne, ko da yake shi ma abin da yake faɗa a kaina ke nan, saboda rashin kunya irin tasu.

Da zaɓen shugaban ƙasa ya matso, na zaunar da majalisa na yi musu bayani. Na ce wannan karon abu uku ne za su yanke hukunci: taki, man fetur da tsaro. Na saurari 'yan takara duka, mutum ɗaya ne ya yi magana a kan ukun nan kamar wanda ya taɓa riƙe fartanya. Shi zai ci.

Babarbaren ya tofar da tukar goro ya ce, "Kai ɗan Fulani, koma ka ƙirga shanu. Wa ya gaya maka da kunne ake zaɓe?"

Raina ya ɓaci. Na ce zan yi bincike irin na masu digiri, in tambayi jama'a da bakina. Na kuwa yi. Na shiga babbar kasuwa, na bi masu hatsi rumfa-rumfa, na tare 'yan dako, na hau Keke Napep har Pantami don kada a ce unguwarmu kaɗai na ji. Duk wanda na samu sai in ce, "Yaro, ka ga yadda taki ya gagari talaka?" Ya ce, "Haka ne, Baba." In ce, "To ai mai maganar takin nan za ka zaɓa ko?" Ya rusuna ya ce, "Sosai ma, Baba." Ko mutum ɗaya bai musa mini ba. Har maiɗakina na tambaya, tana tankaɗe, ta ce, "Yadda ka ce, Malam."

Na dawo majalisa ina tafiya kamar hakimi. A gaban liman da kowa na rantse: in mutumina ya faɗi, ba zan sake buɗe baki a kan siyasa a wurin nan ba sai wani zaɓen ya zagayo. Babarbaren ya ɗaga hannu sama ya ce, "Ya Allah, ka ji bawana. Ka hutar da kunnuwanmu."

Ba sai na ja zance ba. Mutumina ya sha ƙasa. Abin da ya fi ƙona mini rai, har a akwatin da ke bayan gidana ya faɗi, inda na san fuskar kowa a layi, kuma kowannensu ya ce mini haka ne.

Na tare wani mai hatsi da na tambaya a kasuwa, na ce, "Kai, ba kai ka ce mini sosai ma ba?" Ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, ai kai babba ne. Ya za a yi in musa maka a gaban mutane? Maigidana ne ya ce ga inda za mu yi." Na koma gida na tsare maiɗakina. Ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce, "Malam, kai fa ba tambaya ka yi ba. Kai ka faɗi amsar, mu kuma muka girmama ka." Daga baya na lura taliyar da muka yi ta ci a makon nan ba ni na sayo ta ba.

Wannan wane irin ladabi ne? A bar tsoho ya zaga gari cikin rana, a yi ta rusuna masa, ana tura shi rami! Da mutum ɗaya ya dube ni ya ce, "Baba, ba haka ba ne," da na zage shi, gaskiya, amma da ban rantse ba.

Liman ya ce akwai kaffara, in ciyar da miskinai in warware rantsuwar. Babarbaren ya yi wuf ya ce shi zai fara miƙo kwano. Nan take na ce na fasa. In ciyar da Babarbare don in sayi bakina? Allah ya kiyaye.

To ga ni nan a majalisa, bakina a rufe. Rantsuwar ba ta haɗa da biro ba, shi ya sa nake rubuta wannan. Damina ta zo, taki ya ƙara tsada, mutanen nan da suka rusuna mini su ne ke zama suna kuka. Jiya mai hatsin nan ya juyo ya ce, "Baba, wallahi ƙasar nan ta lalace, ko ya ka gani?" Har na buɗe baki zan zuba masa bayani. Babarbaren ya matso, ya kafa mini ido yana murmushi.

Na rusuna wa yaron nan mai hatsi kaɗan, na ce, "Haka ne."