Motar da Ta Tsaya Kafin Runka

Duk shekarun da na yi riƙe da sitiyari, ranar da ba ta barin raina ita ce wata Talata da kaka, lokacin ina direba a wata ƙungiya mai kai allurar rigakafi ƙauyukan Batsari da Safana.

A shekarar aka ba mu motar lantarki. Ba ta shan mai, ba ta ƙara, sai dai ubangidanta yana Katsina. Ga wanda bai sani ba, akwai ofishin da ke ganin duk inda ta taka a kwamfuta, kuma daga can ana iya kashe ta idan an sace. Mu direbobi 'yar rahoto muke ce mata.

Mahaifina yana Runka. Da muka kwashe iyali saboda 'yan bindiga, ya ce shi ba ya barin gonarsa da kabarin Inna. Na daɗe rabona da shi, kewa ta ishe ni. Ranar na roƙi oga, tunda aiki ya kai mu Safana, ya bar ni in ƙarasa in gaishe shi. Ya yarda. Na aika wa Baba, aka ce har ya share ƙofar gida ya yayyafa ruwa, inda zan ajiye motar.

Na fara hango kukokin garinmu ke nan sai mota ta rage gudu da kanta, ta tsaya. Waya ta shigo. Injiniya Sada ne, mai kula da na'urar a ofis.

"Malam Lawal, ka yi haƙuri, ni na tsayar da kai. Yanzu muka gano wani daga waje ya kutsa cikin na'urarmu. Duk abin da muke gani yana gani."

Na ce, "Injiniya, ga gida can fa. Gaisuwa kawai, ko zama ba zan yi ba."

"Ba mu san ko wane ne ba. In ka tsaya ƙofar Baba, ka nuna mishi gidan da ke da ɗa mai motar ƙungiya. Kuma yadda na kashe ta, shi ma zai iya."

Kowa a yankinmu ya san abin da ke biyo irin wannan gida. Barin mota a hanya da allurai a ciki kuwa ba ya cikin ƙa'ida. Na tare wani mai babur ɗan garinmu, na ba shi goro da shaddar da na sayo wa Baba. Injiniya ya sake mini mota, na juya. Har Safana hawaye nake yi.

An toshe ɓarakar daga baya, amma hanya ta ƙara lalacewa, Baba kuma bai ga wata kakar ba.

Ku sababbin direbobi, ku sani motar yanzu ba ku kaɗai ke cikinta ba, kuma wanda ya tsayar da kai ba lallai maƙiyinka ne ba. Ban taɓa riƙe Injiniya a rai ba. Abin da ke ci mini zuciya shi ne labarin mai babur: wai har magariba Baba bai bari an ɗaure ko jaki a wurin da ya share ba.